Zaren da Ba a Ƙullewa a Maskandu

Da sunan Allah Mai kowa Mai komai, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya zuba teku a gefenta, ya bar bayinsa suna kai da kawowa a tsakani. Bayan haka, ya ku mutanen wannan zaure, tun da kun tambaye ni daga ina na fito, to ku gyara zama, don amsar tana da tsawo. Ni ne Barmo ɗan Jatau, maɗinki jikan maɗinki. Abin da ya same ni ba maita ba ce, ba kuma asiri aka yi mini ba. Da yatsuna na jawo shi, ina ganin alheri nake yi.

Tun ina saurayi na gagari maɗinkan garinmu. In na haɗa ƙyalle biyu, sai mai riga ya wuni yana neman inda suka haɗu bai gani ba. Yabo ya yi mini yawa, kaina ya kumbura, har na fara ganin garin ya yi mini kaɗan. Ana nan sai wani falke ya sauka a gidanmu, ya dubi aikina ya taɓe baki, ya ce a ƙarshen ƙasa akwai birnin da ake ɗinka mayafin da ke jan gida sukutum a kan ruwa. Ban ƙara mako ba na soke allurata a gefen hula na kama hanya.

Wata tara ina tafiya. Na ratsa ƙasar da ake gina ɗakuna da gishiri, inda in hadari ya taso sarki da talaka ke fitowa suna rufe gidajensu da fatu suna salati. Na ratsa dajin da itatuwansa ke matsawa su ba matafiyi hanya in ya tuɓe takalmi, su toshe ta in ya ƙi. Duk na wuce su lafiya, da ƙafa a kumbure.

Tun ban hango Maskandu ba na jiyo ƙarar guduma. Birni ne a bakin Tekun Shuni, shekara ɗari tara ana sassaƙa jiragen ruwa a cikinsa. Ko'ina ka duba haƙarƙarin jirgi ne a tsaye bisa turaku kamar ƙasusuwan raƙumi, ko'ina ƙamshin ƙaro da ɗanyen katako. Ƙyauren kowane gida allon tsohon jirgi ne, har akan gaya maka tekun da ƙofar mutum ta taɓa zuwa. Masassaƙa sun fi dubu. Amma filafili, wato babban mayafin nan da ake ɗaurawa a jigon jirgi ya kama iska, gida ɗaya kaɗai ke ɗinka shi, ana ce masa Gidan Basilla.

Shugabar gidan wata 'yar tsohuwa ce, Inna Tabawa, wadda mijinta ya tafi teku shekara ashirin da suka wuce bai dawo ba. Tafin hannunta ya yi kanta har basilla ba ta huda shi. 'Ya'yanta biyu. Babban shi ne Cindo, wanda ke bin jirage yana gyaran filafili a tsakiyar ruwa. Ƙanwarsa Yelwa ita ke goge zare da kakin zuma, bakinta kuwa ya fi basillar tsini. Na shimfiɗa musu rigar da nake taƙama da ita. Yelwa ta ɗaga ta da yatsa biyu ta ce, "Inna, zo ki gani, baƙo ya kawo mana ɗinkin zuwa biki. Malam, iskar nan tamu ba ta zuwa biki, dambe take yi." Na ji haushi ƙwarai, na kuma zauna.

Shekara uku ina tsakar gidan waje tare da sauran ma'aikata, muna haɗa zugu da zugu, har kafaɗata ta saba, hannuna ya daina fashewa. A ta huɗu na auri Yelwa, wadda har ranar ɗaurin aure ba ta daina yi mini dariya ba. Daga nan aka buɗe mini rumfar ciki, inda 'yan gida kaɗai ke ƙarasa filafili. Daga nan kuma Inna, wadda da take yi mini faɗa safe da yamma, ta daina yi mini magana, don na zama suruki. In na shigo sai ta ja mayafi ta kau da kai. In tana son abu a hannuna sai ta ce wa Yelwa, "Ki ce da shi ya miƙo kakin." Ni ma in gaishe ta daga nesa a durƙushe in tashi. Kunya ce irin wadda kuka sani, kuma kowa a unguwa ya yaba mana.

A shekarar nan aka ba mu aikin filafilin Shamuwa, jirgin da Maskandu ba ta taɓa sassaƙa irinsa ba, mai ɗaukar mutum arba'in, Cindo na cikinsu. Wata biyar muna kansa. Ranar ƙarshe Inna ta zauna a kusurwar sama ta filafilin, ta yi ɗinkin ƙarshe da hannunta, ta ja zaren kamar taƙi ɗaya, ta yanke, ta bar shi yana reto. Ba ƙulli, ba komai. Aka naɗe filafilin, aka yi addu'a, kowa ya fita sallar azahar.

Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. A gidan ubana in mai koyo ya bar zare ba ƙulli, da bulala ake tuna masa. Na ce a zuciyata, tsufa ya kama Inna, idonta ya fara gazawa, 'ya'yanta sun gani sun kau da kai. In faɗa mata? Suruki ya dubi surukarsa ya ce aikinki bai kammala ba? In faɗa wa Yelwa, ta ce na raina uwarta. Sai na ga babu abin da ya fi in rufa wa tsohuwa asiri. Na buɗe kusurwar, na yi ƙullin kakana, mai hawa uku, wanda ba a taɓa jin ya kwance da kansa ba. Na cusa shi ƙarƙashin kalmasa, na mayar da naɗin yadda yake, na tafi masallaci ina jin daɗin kaina.

Ranar da Shamuwa ta tashi, filafilin ya cika tun kafin a gama jan igiya. Ta fita daga kwata, inda jirage ke tsayawa, da gudun da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Mata na guɗa, ni ina cewa a zuci, ai dole, aikin da aka ƙarasa ke nan. Kafin la'asar iska ta ɗauke a birnin.

Washegari ba ta dawo ba, jibi ma haka. Hayaƙin murhu ya riƙa miƙewa sak kamar an kafa sanda. Ganye ya daina motsi. Tsuntsayen teku suka sauko suna yawo a ƙasa cikin lunguna, suna tsayawa a bakin ƙofa suna kallon mutane. Teku ta kwanta luf, ta yi baƙi kamar ruwan marina. In mace ta yi tari a ƙarshen gari sai a ji ta a kwata, saboda haka mutane suka koma magana da raɗa, masassaƙa suka ajiye guduma don ƙararta ta fara ba su tsoro.

A kwana na goma sha biyu, da rana tsaka, wani ya nuna teku. Shamuwa ce, wadda ba a sa ran ganinta sai bayan wata uku. Mu a gaɓa ko bakin rigarmu ba ya motsi, ita kuwa filafilinta ya kumbura kamar zai fashe, tana keta ruwa ba ƙara. Ta zo dab da kwata. Muka ga mutanen a jere a bakin jirgi suna ɗaga hannu, bakinsu a buɗe, jijiyoyin wuyansu a waje, amma ko sauti ɗaya bai iso mu ba. Igiyar anka, ƙarfen da ke tsai da jirgi, na bin bayanta a tsinke. Na ga Cindo yana nuna saman jigo da hannu biyu. Ta wuce mu, ta shige teku ta ɗaya gefen.

Inna Tabawa na tsaye kusa da ni. Ba ta dubi kowa ba ta ce, "An ƙulle zaren."

Na ja Yelwa gefe na ce wane zare. Ta ce, "Kai ma dai! Zaren ƙarshe mana. Ta nan iska ke fita. Filafili aron iska yake yi, ta shiga ta yi aikinta ta zurare ta bakin zaren. In aka ƙulle, ta shiga ke nan, ta yi ta kiran 'yan'uwanta, ba mai fita. Ko goyo a garin nan ya san wannan." Sai ta ga fuskata. Ta dafe cikinta, don a lokacin tana da ciki wata shida, ta zauna a ƙasa.

Ban jira a tambaye ni ba. Na durƙusa gaban Inna a bainar jama'a, na faɗi abin da na yi da dalilin da ya sa. Na zaci jifa za a yi mini, wani masassaƙi ma har ya ɗaga gizago. Inna ta tsai da shi da hannu, ta yaye mayafinta, ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta yi ba tun ranar aurena.

Ta ce, "Barmo." Jin sunana a bakinta ya fi mini gizagon ciwo. "Ni na yi shiru don kunya, kai ka yi shiru don kunya, ga ɗana can yana zagaya teku. To kunyar ta ƙare yau. Ruwan shansu na kwana ashirin ne, sun ci sha biyu. Filafilin ba zai sauku ba. Wanda ya hau jigon daga ƙasa, iska za ta yar da shi. In aka yanke zaren, ta fito gaba ɗaya ta raba jirgin biyu. Sai dai a kwance shi a hankali. Wa ya iya kwance ƙullin naka?"

Na ce, "Inna, ni kaɗai."

Ta ce, "To tashi."

Jirgin da iska ta kama zagaye yake yi, kuma dole ya bi ta Mashigin Tagwaye, wasu duwatsu biyu a tsakiyar teku da suka sunkuyo wa juna har kan jigo ke kusan gogar su. Daga can ne kaɗai mutum zai iya faɗo wa filafilin ta sama. Inna ta ce Shamuwa za ta bi mashigin nan da kwana biyar, in ta wuce sai bayan wasu sha biyu, lokacin ba sauran mai rai a cikinta. Da tuƙin hannu kuwa tafiyar kwana tara ce, kuma babu iska a duk faɗin tekun.

Muka shiga kwalekwale mai ɗan ƙaramin filafili, ni da ita da matuƙa huɗu, muka nufi Tsibirin Tsummoki, tafiyar yini ɗaya. Mutanen Maskandu ba sa ƙona tsohon filafili, ba sa yaga shi. In ya gaji, ko teku ta turo shi gaɓa bayan jirginsa ya nutse, can ake kai shi a shimfiɗa a danne da duwatsu. Da hantsi muka isa. Matuƙan suka ce su kam a nan bakin ruwa za su jira. Inna ta ce mini, "Kome ka ji, kada ka amsa. Ko sallama ce."

Tsibirin fari fat yake da filafilai, sun fi a ƙirga, kuma kowanne yana tashi yana kwanciya a hankali kamar ƙirjin mai barci. Sauran iskar da ta maƙale a saƙarsu ce. Tare da iskar kuma akwai maganar ƙarshe da aka yi a ƙarƙashin kowanne. Muna ratsawa suna magana ƙasa-ƙasa. Wani na cewa a ja igiya. Wani na kiran uwarsa. Wani ya fara kalmar shahada, bai kai ƙarshe ba ya sake farowa, ya sake farowa. Wani da na taka gefensa ya yi mini sallama da murya mai daɗi har sau uku, bakina ya buɗe da kansa zai amsa, na cusa gefen rigata na cije. Da na sunkuyar da kai sai na ga ƙafar wani da ya taɓa amsawa ta leƙo daga ƙarƙashin ƙyallen, ƙashi zalla, da takalminsa.

Inna ta wuce su duka, ta tsaya kan wani mai ruwan toka, mai faci uku. Muryar namiji ce a cikinsa, kuma ba ihu yake ba, a natse yake magana: "Uwar Cindo, kada ki rufe ƙofa, ina nan tafe." Ya yi shiru, ya sake. Ta saurara har sau uku.

Ta ce, "Na maigidana ne. Duk shekara nakan zo in ji shi. Ya fi sauran yawan iska, don guguwa ce ta ci jirginsu. Kama can."

Muka naɗe shi muka kai kwalekwale. Ta riƙe baki ɗaya na riƙe ɗaya, muka tsaya bayan ɗan filafilinmu muka murɗa shi yadda mata ke matse wanki. Iska mai sanyi ta fito ta tura mu gaba. Amma kowace murɗa muryar na fita tare da ita, kuma abin da ya fita ba ya komawa. A rana ta farko duk maganar ake ji. A ta biyu saura "ina nan tafe". A ta uku, da duwatsun Tagwaye suka bayyana, muka murɗa, muka murɗa, ba komai sai ƙyalle. Inna ta ninke shi ta ɗora a cinya, ni kuwa na kasa kallonta.

Na hau dutsen da basilla soke a hulata, na kwanta rub da ciki a bakinsa ina jira. Washegari da hantsi Shamuwa ta ɓullo. Shiru ya riga ta isowa, har bugun zuciyata na daina ji. Mutanen da na gani a tsaye a kwata yanzu yawancinsu a kwance suke. Da kan jigon ya zo ƙarƙashina na yi bisimilla na saki dutsen.

Na faɗa kan filafilin, da tauri kamar fatar ganga, na zame, Allah ya sa hannuna ya kama igiyar gefe dab da kusurwar sama. Hulata ta tafi da basillar. A ƙarƙashin ƙirjina ina jin abu na motsi a cikin ƙyallen, yana turowa nan yana turowa can, yana neman mafita. Iskar na fizgata, in na saki hannu ɗaya na tafi. Ga ƙullin kakana a gaban hancina, yadda na bar shi, kyakkyawa. Ban taɓa ƙin aikin hannuna kamar ranar ba.

Sai na sa haƙori. Hawa na farko ya kwance da sauƙi. Na biyu ya tafi da haƙorina na gaba. Da na uku ya saki, bakin zaren ya zame cikin bakina, na ji wani sanyi ya bi maƙogwarona ya sauka har cibiya. Na gane in na buɗe haƙora za ta fito gaba ɗaya, saboda haka na cije zaren ina sassautawa kaɗan-kaɗan, tana bi ta cikina tana fita ta hanci. Tun hantsi nake haka har inuwa ta karkata. Filafilin ya fara taushi, ya yamutse, ya rataya. Abu na farko da kunnena ya ji shi ne tarin wani mutum can ƙasa. Sai muryar Cindo a dishe, "Mijin Yelwa? Kai ne a sama?"

Mutum talatin da bakwai muka mayar gida. Biyu iska ta yar da su daga jigo suna ƙoƙarin kai wa ga ƙullina, ɗaya kuma ya faɗa ruwa da nufin iyo zuwa gaɓa. Na san sunayensu, na san ƙofar gidajensu, ban kuma taɓa wuni ban tuna da su ba.

Iska ta dawo Maskandu tare da mu, guduma ta ci gaba da ƙara. Ranar farko lafiya lau. Yelwa ta yi mini tuwo mai laushi, ta yi ta tsokanata kan giɓin bakina tana share hawaye. Rana ta biyu labule ya riƙa kaɗawa a ɗakin da ƙofarsa ke rufe, wuta ta ƙi zama a murhu. Rana ta uku jinka ta tashi daga kan ɗakinmu ta faɗa gidan maƙwabta, wani jirgi da ake sassaƙawa ya zame daga turakunsa, saura ƙiris ya danne mutum biyar.

Inna ta kira ni, ta ɗora tafin hannunta a ƙirjina, ta daɗe tana saurare. Ta ce, "Ba duka ta fita ba, Barmo. Ta zauna a nan, kai kuma ba ka da bakin zare. In kana tafiya tana zuba a bayanka kaɗan-kaɗan, ba mai ji. In ka zauna sai ta taru. Gari zai iya ɗaukar ka yini ɗaya, ko da kwana ɗaya in an matsa. Bayan haka sai ɓarna."

Yelwa ta ce, "To sai mu tafi tare."

Na ce mata a'a. Ciki ya tsufa, ba a haihuwa a kan hanya kullum ana tashi, kuma ita ce za ta gaji ɗinkin ƙarshe in Inna ta kau. Ta zage ni, ta zagi ƙullin kakana, ta kama rigata ta yi kuka har ta gaji. Sannan ta tashi ta ɗaura mini guzuri. Bayan azahar na fita ta ƙofar yamma.

Tun daga ranar nake tafiya. Sau ɗaya a shekara nake shiga Maskandu, ranar da ake tura sababbin jirage cikin ruwa, lokacin da gari ke son iska. In shiga da fitowar rana, in fita kafin ta faɗi. Yelwa ta haifi 'ya mace, Lantana. Shekararta goma sha bakwai yanzu, yini goma sha bakwai na taɓa ganinta. Na bar ta tana rarrafe na dawo na tarar tana gudu, na bar ta da giɓi na dawo na tarar da budurwa, kuma wannan ya fi mini komai ciwo. Bana za a ɗaura mata aure, sun sa ranar ta zo daidai da ranar jirage don ubanta ya samu ya ba da ita da bakinsa. Saura kwana arba'in, tafiyar kuwa daga nan ta kwana goma ce, kuma ba ni da ikon isa da wuri. Shi ya sa kuka gan ni ina zagaya garuruwanku.

Iyakar hikayata ke nan. Inda na ƙara Allah ya yafe mini, inda na rage kuwa bakina ne ya gaza. Jiya na kwana a garinku, ga gefen tabarmarku ya fara ɗagawa. A miƙo mini sandata.